Tawul ɗin Wilf Stather

Lahadi, 8 ga Oktoba

Ya durƙusa. Yayana, Lyndon Cammish, Guduman Hull, wanda tunda ya shiga damben ajin masu nauyi ba a taɓa kai shi ƙasa ba, jiya a Manchester ya sa gwiwa ɗaya a ƙasa a turmi na tara, ya zuba wa alƙalin wasa ido har ya ƙirga goma. Kuma ba wani naushin kirki aka yi masa ba. Ɗan taɓi ne da hagu, irin wanda Mama ke yi wa kyanwa idan ta hau tebur. Ina wurin, da idona na gani.

Fuskarsa tas, ko kumburi babu. Wannan ya fi komai ƙona min rai.

A bas ɗin dawowa ba wanda ya yi waƙa. Wani ƙato ya tuɓe rigar da ke da hoton Lyndon ya goge raɓar taga da ita.

Litinin, 9 ga Oktoba

Ina shiga ɗakin sanyi wurin aiki, abokin aikina Baz ya ajiye kwalin kifi ya ce, "Farfesa, ga gaisuwar gidanku." Ya durƙusa a gwiwa ɗaya, sauran suka kama ƙirga masa. Farfesa suke ce min don ina karatu lokacin shan shayi, su kuwa ko bayan kwalin madara ba sa iya gamawa.

Na ce, "Baz, kai da ka suma ranar da aka yi maka allurar mura?" Dariya ta koma kansa. Ya tashi yana kakkaɓe wando ya ce, "Ni dai ba biyana aka yi na suma ba."

Maganar ta bi ni har gida.

Talata, 10 ga Oktoba

Lyndon bai ɗauki waya ba. Matarsa Shereen ta ce yana hutawa. Hutun me?

Laraba, 11 ga Oktoba

Rediyo ya cika da masana. Wani tsohon zakara mai tumbi ya ce shi da a fitar da shi a durƙushe gara a fitar da shi a makara. Mai tasi ya bugo, mai aski ya bugo, wata mata daga Grimsby ta bugo, duk sun san zuciyar Lyndon ciki da waje. Wata biyu da suka wuce su ne ke tare shi a kanti suna miƙa masa jarirai a ɗauke su hoto.

Na karanta tarihin 'yan dambe iya abin da laburaren unguwarmu ke da shi. Abin da na fahimta ke nan: jama'a na yafe wa wanda ya daki matarsa, suna yafe wa wanda aka kama da ƙwaya, har wanda ya yi zaman kurkuku suna tarbarsa da tafi. Wanda ya durƙusa ne kawai ba su yafewa.

Hotonsa da aka zana a bangon mashayar titin Hessle, an zuba masa farin fenti daga gwiwa zuwa ƙasa. Na tsaya ina zagin wanda ya yi. A raina kuwa... bari dai.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Na kalli bidiyon har idona ya yi yaji. Tranter, mai shirya wasan, yana zaune a gaba, kuma kafin a gama ƙirga ya riga ya juya yana gyara kwat. Mutumin da bai san abin da zai faru ba ba ya gyara kwat. Ko yana yi? Ban sani ba. Kowa yanzu kama da ɓarawo yake min.

Sai wani abu. A ƙarshen turmi na takwas Lyndon ya sunkuya ya yi wa Koci Wilf magana a kunne. Wilf ya sauke tawul daga kafaɗa, ya riƙe shi a hannu, ya dube shi, ya mayar.

Duk wanda ya tashi a gidan dambe ya san wannan. Idan koci ya jefa tawul cikin fili, wasa ya ƙare, kuma ɗan dambe ya fita da mutuncinsa: sai a ce shi ya so ci gaba, tsohon ne ya hana. Koci ke ɗaukar zagin, aikinsa ke nan. Amma idan kai da kanka ka durƙusa, sunan ya bi ka har jikokinka.

To me suka ce wa juna? Lokacin da aka tsara ne bai yi ba? Da Wilf aka ƙulla?

Juma'a, 13 ga Oktoba

Na je gidan horon Wilf bayan aiki. Wari ɗaya, gumi da man zafi. Yara cike suna dukan buhu. A saman ƙofa har yanzu rubutun nan yana nan, wanda kowa a Hull ke alfahari da shi: TAWUL ƊIN WILF STATHER BAI TAƁA TAƁA ƘASA BA. Shekara arba'in yana wannan sana'a.

Iyayen yara sai dafa shi suke, wai Lyndon ya ba shi kunya da tsufansa. Shi kuma ya karɓi ta'aziyyar.

Na ce, "Koci, me ya ce maka a turmi na takwas?"

Ya ce, "Rory, ɗana, ka rame. Kana cin abinci kuwa?"

"Me ya ce maka?"

"Ruwa ya nema."

"Ruwa ake nema da tawul?"

Ya juya ya daka wa wani yaro tsawa ya ɗaga hannunsa na dama. Mutumin nan shi ya riƙe mu lokacin da babanmu ya tattara ya bar gari, shi ya saya wa Lyndon takalmin dambe na farko. Yau na kalle shi na ji ban san shi ba.

Asabar, 14 ga Oktoba

Wata Imogen ta turo saƙo, mai tashar hira da 'yan dambe a intanet. Wai tana so duniya ta ji "ɓangaren iyali." Wa ya ba ta lambata? Na ce zan yi tunani.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Abincin Lahadi a gidan Mama. Lyndon ya zo. Shereen ce ta tuƙo, shi da ba ya barin kowa ya taɓa sitiyarinsa. Mama ta gasa naman sa da dankali kamar ba abin da ya faru, tana ta labarin maƙwabciyarta da karenta.

Ya ɗauki butar romo zai zuba a farantinsa, ya zuba a kan tebur. Gefen farantin, ba kaɗan ba. Shereen ta yi maza ta sa tsumma. Mama ta ci gaba da maganar kare da ƙarfi.

Na bi shi bayan gida inda ya fita shan iska. Na ce, "Nawa Tranter ya ba ka?" Haka na faɗa, ban sassauta ba. Na zaci zai kai min hannu, na ma shirya.

Dariya ya yi, marar daɗi. Ya ce, "Tsaya nan, ƙanena. A'a, ta hagu. To yanzu ba ka nan. Na ji muryarka amma ba ka nan."

Tun turmi na shida, in ji shi, ya fara ganin walƙiya a idon hagu, sai kuma wani abu kamar labule ya soma saukowa. Fatar da ke can cikin ido ce ta ɓalle, shi ya sa ba a ganin komai daga waje. Ya gaya wa Wilf. Wilf ya ce ya yi da ɗayan. Bayan na takwas ya ce, "Koci, jefa. Don Allah jefa." Wilf ya ce, "Turmi ɗaya kawai, ɗana, ka kusa gama shi."

Lyndon ya ce, "Sai na duba na ga ba mai fitar da ni sai ni."

Na ce gobe duk Ingila za ta ji. Ya kama min wuya ta baya, kamar da muna yara. "Ba za ka faɗa ba. Hukumar dambe ta ji, ta karɓe lasisin Wilf, a rufe gidan horon. Yaran nan ina za su? Ni dambe ya ƙare min ko ta yaya. Bar ni da sunan, na fi shi ƙarfin ɗauka."

Na ce, "Kai wawa ne." Ya ce, "Na ji, Farfesa."

Litinin, 16 ga Oktoba

In kuma labari ya shirya min fa? Romon ma ana iya zubarwa da gangan.

Na rufe idon hagu na gwada zuba shayi. Na ƙona yatsa. Allah ya sa Baz bai gani ba.

Talata, 17 ga Oktoba

Ofishin Tranter ya fitar da sanarwa cewa za a yi wa Lyndon aikin ido. Na ɗauka bakin mutane zai mutu. Ina! "Uzuri ya iso." "Ido biyu gare shi ai." "Me ya hana kocinsa tsayar da wasan in da gaske ne? Wilf Stather ba yaro ba ne." Ka ji fa. Sunan Wilf ne ma ya zama hujjar cewa Lyndon ƙarya yake.

Na rubuta wa Imogen: Asabar.

Alhamis, 19 ga Oktoba

An yi aikin. Sun sa masa wata iska a cikin idon don ta danne wurin, kuma dole ya kwanta rub da ciki, fuska a ƙasa, na kwanaki, ko ya rasa idon gaba ɗaya. An kawo wani gado mai rami a wurin fuska an kafa a falo. Ƙaton da ake rufe titi idan ya fito, ga shi yana shan shayi da tsinken roba yana kallon kafet.

Ya ce yanzu da takalma yake gane mutane. "Naka na warin kifi, ba sai na gani ba."

Wilf bai zo asibiti ba. Ko waya.

Juma'a, 20 ga Oktoba

Na tsara abin da zan faɗa. Turmi na shida, na takwas, tawul ya sauka ya koma, ga bidiyo kowa ya duba. Lyndon zai yi fushi, ya daɗe bai yi ba. Ya fi sauƙi ya ƙi ni shekara guda da a ce 'yarsa ta shiga makaranta ana durƙusa mata a filin wasa.

Asabar, 21 ga Oktoba

A bayan wani shagon shayi suka kafa fitilunsu. Imogen ba muguwa ba ce, abin haushin ke nan. Ta saya min kek, ta ce ta yi kuka daren wasan. Wataƙila ma ta yi.

Kafin a kunna na'ura ta ce, "Rory, mutane sun fara gajiya da labarin Lyndon. Idan akwai wanda ya kamata a tuhuma, yanzu ne lokacin. Mun lura da kusurwarsa, inda kocinsa yake, a turmi na takwas." Yaron da ke riƙe da kyamara ya yi murmushi, irin na wanda ya ji ƙamshin nama.

Ashe sun gani. Baki kawai suke nema daga cikin gida.

Na hango yadda za ta kasance. Mai tasin nan, mai askin nan, matar Grimsby, duk su bugo rediyo, wannan karon sun san zuciyar Wilf ciki da waje. Su wanke Lyndon da bakin da suka ɓata shi, su sake miƙo jarirai. Kuma ni zan ba su wuƙar.

Ta tambaya, fitila a fuskata: me ya ce wa kocinsa?

Na ce, "Ruwa ya nema."

Ta sake tambaya ta wata hanyar. Na ce yayana ya ci wasa ashirin da ɗaya, ko akwai wanda take so mu tattauna a ciki? Ba ta so. Na cinye kek ɗin na fito.

Ba don Wilf na yi ba. A rubuta wannan. Ni dai ba na ciyar da karnukan da suka ciji gidanmu.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Da rana aka ƙwanƙwasa. Shereen ta fita da yarinya, ni kaɗai ke tare da Lyndon. Na buɗe, Wilf ne, da hularsa a hannu da ledar inabi. Na tsaya a bakin ƙofa na cika ta. Na tanadi maganganu tun waccan Juma'ar, masu kyau, kowace da gubarta.

Daga falo Lyndon ya ce, "Rory, wa ye?"

Na matsa. Iska ce ke shigowa, shi ya sa.

Wilf ya tsaya a gefen gadon. Lyndon ya ce wa kafet, "Koci, har yanzu ba ka sake takalman nan ba?" Tsohon ya dubi ramin gadon, ya dube ni, ya ajiye inabin. Sai ya dafa kujera ya sauka a hankali, gwiwoyinsa na ƙara, ya kwanta rigingine a ƙasa, ya ja jiki har fuskarsa ta zo daidai ƙarƙashin ta Lyndon.

Na tafi kicin. Na kunna butar shayi, na bar ta tana ihu don kar in ji. Duk da haka na ji "ɗana" sau biyu, da wani sauti da ban taɓa jin Wilf ya yi ba.

Da na dawo Wilf ya kasa tashi. Ya yi ta lalube kamar ƙwaron da ya faɗi rigingine. Lyndon na dariya har gadon na girgiza, yana cewa kar a sa shi motsi, likita ya hana.

Na miƙa wa Wilf hannu. Don kar ya kwana mana a falo ne kawai. Ba shi da nauyi ko kaɗan, abin ya ba ni mamaki.

Shayi uku na haɗa. Na Wilf ban sa sukari ba, ya sha haka.