Ummaru Yauri Guda Biyu

Matameye,
cikin watan Sha'aban, 1955.

Zuwa ga ƙanena Malam Rabi'u, a ƙasar Ingila.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ka daga sanyin nan da kake ba mu labari, ya sa ka gama karatun da ya kai ka, ka dawo mana lafiya. Mu a nan sai godiya. Bazara ta sauka da ƙarfinta, rijiyar unguwarmu ta ja baya har sai da aka ƙara wa guga igiya, amma mutane da dabbobi suna nan ƙalau. Inna tana nan, ƙafar ce dai yau ta tashi gobe ta kwanta. Mai ɗakina Mariama ta sauka lafiya, an samu mace, mun sa mata sunan Inna. Kawu Sule ya zo daga Daura wurin suna, yana ta tambayarka, ya ce yaron da ya rena ya haye teku ya manta da fura.

Takardarka ta iso tun ana cirar gyaɗa. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, za ka ga dalili. Na karanta wa Inna labarin da ka bayar, yadda aka aike ka duba wata makarantar ƙauye, ka shiga jirgin ƙasa ka sauka inda ka ga an rubuta sunan, ashe ƙauyuka biyu ne masu suna ɗaya, kuma da ka tambayi hanya wani ya zaci kana neman gidan wani babban mutum da shi ma sunan ke nan. Ta yi dariya har da hawaye, musamman wurin da ka ce wata tsohuwa ta tausaya maka ta ba ka shayi. Ta ce ashe Turawa ma sunaye suna ƙare musu. Ban sani ba a ranar cewa irin wannan abu na tafe gare mu, kuma namu ba na dariya ba ne. Ka zauna kafin ka ci gaba da karatu, don maganar ɗan'uwanmu Ummaru ce.

Ka san damina uku ke nan da ya tafi cin rani bai dawo ba, babu saƙo, babu wanda ya ce ya gan shi. Ka kuma san abokan tafiyarsa ba sa kiransa sai Ummaru Yauri, tunda shi ya zauna a gonar Baba ta Yauri bayan mu mun dawo Matameye. Matarsa Shekara da 'yarsu Jamilatu suna wurinmu tun daminar farko. Mahaifin Shekara ya zo mini ba sau ɗaya ba, cikin mutunci, yana cewa lokaci ya yi da za a je gaban alƙali a san matsayinta. Ita kuwa kullum aka tambaye ta sai ta ce a ƙara mata damina ɗaya. Haka muke zaune, har Sha'aibu mai koran shanu ya dawo daga Badun, can ƙasar Yarabawa.

Sha'aibu ko gidansa bai isa ba ya biyo ƙofarmu. Ya ce a unguwar Sabo ta Badun babu sunan da ake kira kamar na Alhaji Ummaru Yauri, mai masaukin fataken goro da na shanu, mai gidan bene, wanda ake dafa tuwo a gidansa kamar na biki kowace rana. Na tambaye shi ko ya gan shi da idonsa. Ya ce bai gan shi ba, lokacin ya yi tafiya, amma Ummaru Yauri nawa ne a duniya? Kafin la'asar labari ya gama gari. Mata suna shigowa yi wa Inna barka, maroƙa suka tsaya a ƙofar gida suna kirari, har wani da ban taɓa gaisawa da shi ba ya tare ni a kasuwa yana roƙon in sa baki a ɗauki ɗansa aiki. Da murnar ta lafa sai wata magana ta biyo baya. Aka fara cewa wane irin ɗa ne zai yi arziki har ya je Makka ya bar uwarsa tana daka da hannunta. Aka ce ya ajiye mata uku a can. Shekara ta daina zuwa rijiya saboda kallo da tambaya.

Ni dai raina bai kwanta ba. Na ce wa Inna mutumin da ya fita da sanda da buta, yaushe ya gina bene har ya yi aikin hajji? Ta ce mini arziki na Allah ne, ni hassada nake yi wa ƙanena. Wallahi Rabi'u, maganar nan ta yi mini zafi, amma na haɗiye. Daga nan ta rage cin abinci. Ta ce ba dukiyarsa take so ba, so take a je a dubi idonsa a tambaye shi laifin da ta yi masa. Da na ga tana ramewa, kafin a gama tireti, wato lokacin cinikin gyaɗa, na sayar da tawa, na bar wa yarona Lawali shagon ɗinki, na kama hanya.

Ba zan gajiyar da kai da labarin hanya ba, ko da yake ita ta gajiyar da ni. Kamiyon kayan da na shiga ya lalace tun kafin mu kai duwan, inda ake binciken kaya a kan iyaka, muka yini a rana. Daga Daura zuwa Kano a kan buhuna na zauna. A Kano na shiga jirgin ƙasa, karo na farko a rayuwata, a tsaye na yi mafi yawan tafiyar, hayaƙi ya cika mini ido da hanci. Muna gangarawa kudu itatuwa suna ƙara tsawo, iska tana ƙara nauyi, har na ji kamar an lulluɓe ni da jiƙaƙƙen bargo. Duk tsawon hanya ina shirya abin da zan faɗa wa Ummaru. Wani lokaci in shirya faɗa, wani lokaci in ce a'a, rungume shi kawai zan yi.

A Badun gidan bai yi wuyar samu ba, kowa ya san shi. Na tarar da zaure cike da mutane, na samu gefe na zauna. Na gaya wa wani bara cewa ni wan maigida ne daga gida. Ya dube ni sama da ƙasa, ya shiga ciki. Can sai ga wani dattijo ya fito, kakkaura, gemu fari fat, wanda a haife ya haife ni. Mutane suka miƙe suna gaishe shi. Ya tsaya yana tambaya ina wanda ya ce shi wansa ne, don shi a saninsa yayyensa duk sun riga mu gidan gaskiya. Wasu suka yi dariya.

Allah ya saka wa dattijon nan da alheri, shi bai yi dariya ba. Ya sa aka kai ni ɗaki, aka ba ni ruwa da abinci, sa'an nan ya zo ya zauna ya saurare ni har na gama. Ya ce shi Yaurinsu tana bakin kogin Kwara, ƙasar jiragen ruwa da masunta, kuma duk yawon da ya yi a duniya bai taɓa jin akwai wata Yauri a ƙasarmu da Faransa ke mulki ba. Na ce ni ma ban taɓa jin tasu ba. Sai ya riƙe gemunsa, ya tambaye ni shekarun ɗan'uwana da kamanninsa. Da na faɗa, ya yi salati, ya aika a kira masa wani ɗan dako mai suna Muntaka.

Ga abin da suka gaya mini. Shekara biyu da suka wuce, cikin damina, 'yan dakon tashar jirgi suka zo ƙofarsa ɗauke da gawa. Suka ce wani abokin aikinsu ne tari ya kashe, ba su san kowa nasa ba, amma sunansa Ummaru Yauri, shi ya sa suka kawo shi wurin mutumin garinsu. Alhaji ya ce ya buɗe fuskar bai san ta ba, amma bai ga yadda zai mayar da takwaransa kuma ɗan garinsu ba. Ya sa aka yi masa wanka a gidansa, ya ba da likkafani, limamin Sabo ya sallace shi, aka kai shi makwancinsa. Daga baya ya ba fatake saƙo zuwa Yaurinsu, aka yi cigiya a kasuwa da masallatai, ba a samu gidan da suka rasa Ummaru ba. Ya ce abin ya daɗe yana damunsa, yana tunanin wata uwa tana can tana jira.

Na so in ce wani ne daban, Rabi'u. Amma Muntaka ya ce ɗaki ɗaya suka kwana da shi fiye da shekara. Ya ce dogo ne, mai wushirya, babban yatsansa na hagu lauje ya taɓa raba shi. Suna tsokanarsa da ɗan Faransa saboda yana ce wa Baturen mulki kwamanda inda su suke cewa joji. Ya ce yana yawan maganar 'yarsa Jamilatu, da wansa tela, da ƙanensa mai karatun boko a Daura. Na tambaye shi me ya hana shi dawowa daminar farko. Ya ce ciwon ya kwantar da shi tun ranin farko, abin da ya tara ya tafi wurin magani, ya ji kunyar shiga gida hannu wofi, ya ce bari ya ƙara rani ɗaya. Suka kai ni maƙabarta. Ƙasar can ja ce, ciyawa ta rufe wurin, sai da Muntaka ya sa adda. Na yi masa addu'a da sunanka da na Inna da na kowa. Alhaji ya sa Muntaka da wani abokinsa suka maimaita shaidarsu a gaban liman saboda alƙalinmu, ya riƙe ni kwanaki har na samu ƙarfin tafiya, ya raka ni tasha da kansa.

Dawowa ta fi tafiya wuya. Na sauka a tashar Matameye mutane suna leƙen bayana, suna neman akwatuna. Wani ya tambaye ni ko Alhaji yana tafe a mota. Na biya na ɗauki Malam Hamisu limamin unguwa muka shiga tare. Inna tana ganinmu mu biyu ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta zauna a ƙasa. Ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta tambaya ko an yi masa wanka, na ce an yi. Ta tambaya ko an samu mutane wurin salla, na ce Alhaji ya ce sahu ya kai har bakin titi, don duk fataken gidansa sun fito. Ta tambaya ko fuskarsa tana gabas, na ce na ga kabarin da idona. Sai ta ce to, alhamdu lillahi. Bayan mutane sun watse ta kira ni ta ce in yafe mata maganar hassada. Na ce ban riƙe ta ba.

Shekara ce ta ba ni tausayi ƙwarai. Ta ce wa Mariama watannin nan ta yi su tana jin haushin mutumin da yake kwance cikin ƙasa, wannan ne ba ta san yadda za ta yi da shi ba. Ta shiga takaba a ɗakin Inna. In ta fita mahaifinta zai zo ya tafi da ita, kuma ba mu da abin cewa, ta yi haƙurin da ba kowa zai yi ba. Ta yarda Jamilatu ta zauna wurinmu. Ina so ka ba ni shawara a kan sa ta lakwal, wato makarantar boko, don Inna ba ta so, ni kuma ina ganin alheri a ciki. Gonar Yauri kuwa ba zan iya haɗa ta da shago ba, na gaji, jikina bai koma daidai ba tun dawowata. Ina tunanin ba ɗan Baba Sallau, maƙwabcinmu na can, aro har ka dawo mu zauna mu uku da Kawu. In kana da wani ra'ayi ka rubuto kafin ruwa ya sauka.

Masu barka sun dawo sun yi ta'aziyya, har da waɗanda suka zage shi. Inna ta sa an daka mata dakuwar gero, ta haɗa da tabarma sabuwa, ta ba Sha'aibu ya kai wa Alhaji in ya sake gangarawa da shanu. Na ce mata mutumin nan ba abin da ya rasa. Ta ce ta sani, amma shi ya tsaya a inda ya kamata mu tsaya. Yanzu bayan kowace salla ina jinta tana roƙa wa Ummaru Yauri gafara da rahama. Ran nan na tambaye ta wanne take nufi a cikinsu. Ta ce sau ɗaya take kiran sunan, Allah ya san su duka biyun.

Ka yi masa addu'a, ka yi sadaka da abin da ya sawwaƙa in akwai mabukata a inda kake. Kada ka bar abin ya hana ka karatu. Inna ta ce in gaya maka kada ka ƙara ko wata ɗaya a kan wa'adin da aka ɗibar maka, ko da hannu wofi ne ka taho.

Inna tana gaishe ka, tana sa maka albarka. Mariama da Shekara da Goggo Hajara suna gaishe ka. Malam Hamisu ya ce yana sa ka cikin addu'a. Lawali yana gaisuwa, Jamilatu kuma ta ce a gaida Baba na Ingila. Ka gaida abokan zamanka Musulmi da waɗanda suke kyautata maka. Allah ya kai mu azumi lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sada fuskokinmu da alheri.

Ni ne wanka,
Cindo Tela, Matameye.