Hannun da Na Ɗaga Ranar Ƙarar Malama Saude

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki cikin ladabi, ko da yake na san amsa ba za ta zo ba. Shekara huɗu ke nan da muka raka ki makwancinki a Kademi.

Inna, kin san makarantar da nake koyarwa a Gaya. Wata malama 'yar garin Toranke, Saude, ta kai ƙarar shugabanmu. Ta ce duk ran da ta kai masa rajista sai ya tura ƙofa, rannan har ya fizge mata mayafi. Mai makarantar ya kafa kwamiti, maza uku, mata biyu. Ɗanki yana ciki.

Da kin ji yadda muka saurare ta. Matan suka tambaye ta yaushe abin ya fara, wa ta gaya wa. Mu namu daban ne. Malam Sale ya ce, "Me ya hana ki ihu?" Ni kuwa da bakina na ce, "Don me sai yanzu?" Ta dube ni ta ce, "Malam, marayu uku nake ciyarwa da aikin nan."

Da shugaba ya shigo, mu maza muka miƙe masa. Ai shi ke jan mu sallar azahar. Bayan fitarsa Hajiya Yagana, babbar cikin matan, ta ce, "Ku kanku kuke gani a kujerarsa. Mu kuma a tata."

A nan na tuno ki, lokacin kina shara a wani asibiti. Wata rana kika dawo tun da hantsi, kika ninke rigar aiki, ba ki sake komawa ba. Na ji kina ce wa Goggo, "Ko na faɗa, wa zai yarda?" Ban taɓa tambayar ki ba.

Duk da haka, Inna, da aka ce masu ganin babu hujja su ɗaga hannu, nawa ne na uku. Alhali na yarda da ita. Tsoron kallon 'yan'uwana maza na ji.

Saude ta bar aiki, ta koma Toranke. An ce ko gidan suna ta daina zuwa. Makon jiya aka ɗauki sabuwar malama a madadinta, ƙaramar yarinya. Ni na nuna mata ofishin shugaba.

Innata, ki yafe mini. Allah ya haskaka kabarinki, ya saka wa Saude, ko da a kaina sakayyar za ta faɗa.

Ɗanki,
Habu