Ku Dawo Zaurena Ku Ƙarasa Bayani

Zuwa ga Shugaban likitoci masu binciken ciwon lalacewar tsoka,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali? Allah ya sa kuna lafiya.

Ni ne mahaifin Nura, yaron nan na Maigatari da kuka ɗebi ɗan naman cinyarsa don bincike. A aji uku na sakandare na tsaya, da acaɓa na fara, yau ga motocina na hatsi suna shiga Nijar. Ban saba roƙo ba, don haka a karanta da kyau.

Na ɗaya, godiya. Mun daɗe muna yawo, wannan ya ce iska, wancan ya ce sammu. Ku kuka nuna mini akwai wani sinadari mai riƙe tsoka da babu shi a jikinsa, shi ya sa sai ya dafa gwiwa yake miƙewa. Tun da na san abin, hankalina ya kwanta. Yana zuwa gashin ƙashi a asibitin Gumel, yana zuwa makaranta a kekensa na guragu, alhamdu lillahi.

Na biyu, kuskurenku. A nan idan baƙi suka zo a mota, maƙwabta kan cika zaure taya marhabin, kuma ba a korar kowa. Likitan da ya kawo sakamako ya ɗauka duk 'yan gida ne. A gabansu ya ce ta wajen uwa ake gadon ciwon, ya sha fura, ya tafi. Kafin la'asar magana ta kai Gagarawa Tasha wajen dangina. Yanzu Hajiya, mahaifiyar Nura, wadda ita ke ɗaga yaron nan ta kwantar kullum, ta daina zuwa suna da biki, don nuna ta ake yi. Na ce ba laifinta ba ne, aka ce ai miji ne, dole ya kare matarsa.

Ranka ya daɗe, a turo likitan nan ya dawo. Ni zan tara mutanen, man mota ma a wuyana. Ya faɗa da Hausa cewa ba wani abu ta ci ba, ba wani abu ta aikata ba, ita ma ba ta san tana ɗauke da shi ba. Nan gaba kuma, a tambayi su wa ke zaune kafin a buɗe takarda.

A yi kafin kaka. Akwai bikin ƙanwarta, ina so ta je ba tare da sunkuyar da kai ba.

Allah ya ba ku nasarar gano maganin, ya raya muku zuri'a.

Wassalam,
Baban Nura, Maigatari.