Dangwalen Bahago

Asabar, 4 ga Janairu

Na buɗe ɗakin aikin ƙanena Bahago yau. Tun da muka rasa shi ba wanda ya taɓa ƙofar. Warin ne ya fara tarbata, warin robar nan mai zaƙi-zaƙi da kullum yake shigowa da shi a jikin riga, ni kuma in hau shi da faɗa. Sai da na dafa bango.

Komai na nan. Injin sassaƙar da ke juya abu yana ferewa, kurafensa, ƙarafan ferewar, a jere, zare-zaren roba masu launi sun manne a ƙafar tebur. A aljihun tebur na ga abin da Mama ta aiko ni nema: gunduwar robar akirilik shuɗiya, tsawon yatsa da ɗan ƙari, ya huda ta, ya sa bututun tagulla a ciki da gam. Ferewa kawai ta rage.

Shi ya koya wa Mama rubuta sunanta. Ya ce ya gaji da ganin uwarsa tana dangwala yatsa a wurin karɓar fansho kamar wadda aka kama da laifi. Ya yi mata alkawarin ranar da ta iya, zai fere mata biro da hannunsa. Ta iya. Shi kuma ƙanen nawa, da rashin ta-ido irin nasa, ya kwanta zazzaɓi bai tashi ba.

Mama ta ce in kai wa wani ya ƙarasa. Na ce babu baƙon da zai taɓa. Yanzu ga shi na ɗora wa kaina, ni da ban san komai ba sai keken ɗinki.

Litinin, 6 ga Janairu

Na kunna injin don in ji ko yana aiki. Yana ɗaukar kuka sai na ji Mama daga kicin: "Auta?" Haka take kiransa.

Na kashe. Ban fita nan da nan ba. Da na fito na tarar tana wanke kofin da ta riga ta wanke.

Laraba, 8 ga Janairu

Na kira Baba kafinta na bakin layi ya duba min. Ya juya shuɗiyar a tafinsa, ya ce, "Ni katako na sani, 'yata. Katako in ka matsa masa zai yi maka ƙara, ya gargaɗe ka. Wannan aba ba ta gargaɗi, tarwatsewa kawai take yi. Ki ajiye ta can nesa sai kin gaji da ɓata waɗancan." Akwai kwali guda na gunduwoyin da Bahago bai taɓa ba.

Ya nuna min yadda ake zura aba a sandar ƙarfe a ɗaure, yadda kurfi ke kwanciya a kan madogari kafin ya taɓa roba, da yadda ake wasa shi. Wai kaifi shi ne rabin aikin, sauran rabin haƙuri. Na ce to ai rabi zan samu.

Da zai tafi ya ce in mayar da fitilar teburin ɗaya gefen, an kafa ta ne don mai hannun hagu. Na ce a'a. Ya dube ni, ya sa hularsa.

Lahadi, 12 ga Janairu

Na fasa gunduwa ja, na fasa mai ruwan ɗorawa. Guntun ɗaya ya doki tabarau ɗin Bahago da na sa. Ashe ba don gayu yake sa shi ba.

Juma'a, 17 ga Janairu

Akwai hannu a kan aikin. In na sunkuya da kurfi sai inuwa ta faɗo daidai inda nake ferewa, yatsu a buɗe, kamar mai cewa dakata. Na san hannuna ne, fitilar ce ke jefo shi. Na sani sarai. Amma sau biyu yau na waiwaya, da rana tsaka, ƙofa a buɗe, yaran maƙwabta na buga ƙwallo a waje.

Ina jin tsoro. Kuma ba na son inuwar ta tafi. Wannan ba zan faɗa wa kowa ba.

Wani abu kuma: zaren roba shuɗi a kan matashin Mama. Ban taɓa fere shuɗi ba. Zaren nan yana bin mutum, yana manne wa tufafi kamar ƙaya, to amma wa ya biyo?

Alhamis, 23 ga Janairu

Na dawo daga shagon ɗinki da wuri, na tarar da Mama a ɗakin aikin, zaune a kujerarsa, tana tsince tsofaffin zaren daga ƙafar tebur tana zubawa a gefen zani. Ta ce shara take yi. Ba tsintsiya a ɗakin.

To aljanin ke nan. Na yi dariya har sai da ta koma wani abu daban, na shige banɗaki.

Laraba, 29 ga Janairu

Biro na farko da bai fashe ba. Kore ne, ciki ya fi ƙugu kauri, kamar ƙadangaren da ya ƙoshi. Na bi shi da samfefa, takardar gogewa, a jiƙe, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har ya fara ɗaukar ido. Sai ga tagullar cikin tana leƙowa ta jikin robar, rawaya, mummuna. Na nemi bidiyo a waya: ashe in roba ta yi siriri ana ganin abin da ke cikinta, shi ya sa ake shafa wa bututun fenti tun kafin a sa gam.

Na samo gwangwanin farin fentinsa. Duk jikinsa shatin yatsu ne baƙaƙe. Ƙazami! Sau nawa na ce ka riƙa wanke hannun nan? Ina faɗa da ƙarfi, ni kaɗai, sai na ji kamar an yi gyaran murya a bayana. Belin injin ne ke hucewa. Haka dai nake cewa.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Na ɗaura shuɗiyar. Babu wata irinta a kwalin, kuma ko da akwai, ba hannunsa ne ya huda ta ba. Na yi bisimilla na fara, a hankali, zaren na fita dogo ba ya tsinkewa, yana naɗe min wuyan hannu.

Na kai rabi sai na ga wani duhu a jikinta. Na kashe injin. Tsaga ce, na ce, shi ke nan na kashe ta. Ban iya cin abinci ba. Mama ta tambaya, na ce kai ne ke ciwo.

Talata, 4 ga Fabrairu

Baba kafinta ya bi wurin da farce, ya ce babu tsaga, abin a can ciki yake, a jikin bututun. Ya ɗaga ta saitin taga. Layuka ne sirara, a zagaye, rabi sun fito rabi na ɓoye a cikin shuɗin.

Ban ji shigowar Mama ba. Ta karɓa, ta kai kusa da ido, ta daɗe. Ta ce, "Ga tabon nan. Ƙofar mota ce ta datse shi yana ƙarami, babban yatsan hagu." Shatin yatsansa ne. Ya riƙe bututun fenti bai gama bushewa ba, da wannan hannun nasa mai baƙin mai.

Ta ce, "Ka ga ɗan nema! Ya hana ni dangwale, shi ya je ya yi nasa." Tana dariya hawaye na zuba.

Baba ya ce in aka tsaya nan ba za ta zama biro ba, ta yi kauri, bakin ba zai zauna ba. In kuma na ci gaba, nan ne inda suka fi fashewa. Na ce a bar ta haka, a ajiye. Mama ta ce, "Biro ya ce zai ba ni. Bai ce gunduwa ba."

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na wasa kurfin har yana aske gashin hannu. Na kunna. Inuwar ta faɗo daidai kan yatsan, ba na ganin inda bakin ƙarfen yake. Na gwada ta nan, na gwada ta can. Hannun nan dai yana cewa dakata.

Na ce, "Bahago, matsa min in gani." Na kwance fitilar na mayar ɗaya gefen. Na ɗan lokaci ne.

Teburin ya yi fayau, ya yi faɗi, ba kowa sai ni. Nan ne na yi kukan da ban yi ba ranar da muka rasa shi. Da na gama na share tabarau na ci gaba, kamar mai feraye ƙwai. Ba ta fashe ba. Da samfefa ta ƙarshe ta wuce, ga yatsan nan cikakke a ƙarƙashin shuɗin, da tabonsa, daidai inda mai rubutu ke ɗora nasa.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Mama ta je karɓar fansho da bironta. Wai ma'aikacin ya turo mata tawadar dangwale, ta ture masa abarsa. Ta dawo tana ba da labari har sau uku, kowane karo ma'aikacin na ƙara buɗe baki.

Na sayo gunduwoyi kaɗan, don kwalin ya kusa ƙarewa, ba don komai ba. Akwai wata ruwan zuma da nake son in ga cikinta. Na wanke hannu kafin in taɓa fentin.

Da yamma na kunna injin, na tsaya ina jiran abin da zan ji daga kicin. Sai ta ce, "Ke Tela, rage ƙarar nan mana, rubutu nake yi!"

Fitilar tana inda na bar ta. Na manta ne ban mayar ba.