Hoton da Baffa Dabo Ya Ce a Wanke

Zuwa ga Yaya Ramlat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara a can Fatakwal. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu ma lafiya lau, an gama yankan gero ana jiran dawa, ƙafar Inna ta yi sauƙi. Na ga gara in rubuto ne, don kin san ni, in aka miƙo min waya sai bakina ya mutu.

Yaya, raina a ɓace yake. Kin san tunda Yaya Mudassir ya fara zuwa makaranta Bici a keke, ya ɗaure wayarsa a kan keken da tsohuwar roba, yana ɗaukar bidiyon direbobi masu ganganci yana kai wa jami'an kiyaye haɗurra. Har tsokanarsa ake yi a majalisa, wai ɗan sandan keke. To ranar kasuwar da ta wuce wata bas ta zo wuce shi a guje, ta bar hannunta, ta kwashe Iya Kaltume mai fura da ke tafiya a gefen titi. Ƙugunta ya karye. Motar ba ta tsaya ba. Kuma ba motar kowa ba ce, ta Basiru ce, ɗan Baffa Dabo.

Zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, don Allah ki bar shi a cikinki. Ni fa duk littafin soyayyar da na karanta, fuskar Basiru nake sa wa jarumin. In ya danna hon a ƙofar gida sai in rasa inda zan sa kaina. Sai ga shi na kalli bidiyon da wayar Yaya Mudassir ta ɗauka ranar. Hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya riƙe da waya a kunne, yana dariya haƙora waje. Bayan ya buge ta ya leƙo ta taga, ya ga tsohuwa a ƙasa fura ta wanke mata jiki, ya mayar da kai ya ƙara wuta. Littattafan ma na tura su ƙarƙashin gado, ko ganinsu ba na so.

Abin da ya fi ba ni ƙyama shi ne manya. Baffa Dabo ya zo da mutum uku zauren Baba, suna ta cewa ƙaddara ce, a kashe magana a gida, zumunci ya fi. Ina jin su ta bayan zana, babu wanda ya tambayi jikin Iya Kaltume, ko ɗaya. Baffa da bai san kan waya ba ya ce wa Yaya Mudassir maza ya wanke hoton nan, nufinsa ya goge shi ya ɓace. Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce to. Washegari ya hau keke sai Bici wajen mai hoto, aka ciro guda huɗu daga bidiyon aka wanke masa su fes a takarda, har lambar motar ana karantawa. Ya kai wa jami'ai biyu, ya kawo wa Baffa ɗaya, ya ce ga shi an wanke kamar yadda ya umarta.

Baffa ya kusa shiɗewa. Baba ya ji kunyar yayansa, ya kulle keken a ɗakin hatsi, ya ce ko Yaya Mudassir ya je ya janye ƙarar ko ya manta da keke da makarantar gaba ɗaya. Kwana uku Yaya Mudassir yana zaune a gida, ga jarrabawa ta matso. Shi Baba ya ƙi kallon komai, ya ce ba ya son ganin abin da zai raba shi da ɗan'uwansa.

Ni da ko ido ba na iya haɗawa da Baba, jiya da na kai masa tuwon rana sai na ɗora hoto na huɗun da ya rage wurin Yaya Mudassir a kan faifan da na rufe kwanon da shi. Na dawo ina jiran a kira ni. Ba a kira ni ba. Tuwon ya dawo ko loma ba a yi ba. Yau da safe na ga Baba ya fito da keken da kansa, ya durƙusa yana ba tayar iska don Yaya Mudassir ya koma makaranta, sannan ya ce wa Inna ta dama kunu zai je duba Iya Kaltume. Baffa Dabo ya aiko cewa kada ɗayanmu ya ƙara taka masa gida. Don Allah ki kira Baba ki ƙarfafa masa gwiwa, yana jin maganarki, kuma na ga idonsa ya yi ja.

Ki gaida maigidanki, ki shafa min kan Nana Aisha da Abdulrashid. Inna da Goggo Fadima suna gaishe ki, Sa'adiyya ta ce kin manta da ita. Ki sa Iya Kaltume a addu'a, har yanzu sai an juya ta.

Taki ƙanwar,
Aina'u