Kore da Rawaya, da Laifin da Na Ɗora Miki

Zuwa ga hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwata a tsakar rana, wadda duk ɗakin bincikenmu ke kira Uwar Madubi, ni kuwa nake kira tawa tun kafin in sami bakin faɗa.

Yau kwana tara ke nan ba kowa a kujerarki da ke gaban madubin duba ƙwayoyin halitta. Farar rigarki ta aiki na rataye inda kika bar ta, da jan biro a aljihu, ni kuma kullum safe sai na tsaya gabanta kamar zan gaishe ta. Na kira ki har waya ta gaji da ni. Na kira yayanki, ya ce in bar ki ki huta. To ni ina zan ga hutu, bayan na ji ranar Juma'a Farfesa, shugaban ɗakin bincikenmu, zai sa hannu a takardarki ta barin aiki, ki tafi inda ba zan ƙara jin takunki a baranda ba?

Kin tuna safiyar da muka zauna zaɓen furotin masu ƙyalli, waɗanda za mu liƙa wa sassa biyu na ƙwayar halitta don mu ga kowanne da launinsa? Kika zana mini tuddai biyu a bayan ambulan, kowanne na nuna iyakar hasken launi ɗaya. Kika ce kore da rawaya maƙwabta ne da ba katanga tsakaninsu, hasken wannan yana malala gidan wancan. Kika ce in ɗauki kore da ja, sun yi nesa da juna, gilashin tace haske zai raba su. Kika ƙara da cewa kowane launi a fara duba shi a farantinsa shi kaɗai kafin a haɗa. Ni kuwa yatsunki nake kallo da yadda rana ta sauka a gefen fuskarki. Rabin maganar ban ji ba, rabin da na ji girman kai ya cinye. Rawaya na nan a firiza, ja sai an jira sati uku. Na ɗauki rawaya, na tsallake gwajin, na ce miki na yi.

Hotuna suka fito kamar lambu bayan ruwan sama. Duk inda kore yake, rawaya na nan. Na tsaya gaban taro ina bugun ƙirji, wai na gano sassan biyu wuri ɗaya suke zama. Da Farfesa ya gyara tabarau ya tambaya ko ba malalar haske ba ce, me na ce, masoyiyata? Na ce ke kika saita madubi, in da matsala daga saitin ne. Ke, da shekara shida ba a taɓa kama kuskure a hannunki ba! Kika dube ni sau ɗaya, kika rufe littafinki. Da zagina kika yi a gaban mutane, da ya fi mini sauƙi.

Jiya na yi gwajin da na tsallake. Na ɗora faranti mai kore zalla, ba ɗigon rawaya a cikinsa, na juyo gilashin rawaya, sai ga shi yana haskawa raɗau. Ashe wata huɗu abu ɗaya nake gani ina kiransa biyu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ni na haƙa nawa da hannuna. Na zauna ina kallo har ƙyallin ya dushe a ƙarƙashin leza, fitilar madubin, abin da kika sha yi mini faɗa a kansa, ba wanda ya zo ya kashe mini ita.

Wata huɗun su tafi, binciken ya rushe, sunana ya zube. Duk zan iya ɗauka. Ke ce ba zan iya rasawa ba. Wa zai ce mini na yi kuskure tun kafin duniya ta gani? Wa zai yi mini dariya idan na sa safar hannu a baibai? Tsoro nake ji, tauraruwata, irin wanda ban taɓa ji ba.

Da safen nan na ajiye hoton farantin a teburin Farfesa, na rubuta a bayansa cewa saitinki daidai ne, ni na yi ƙarya. Ranar Alhamis zan maimaita a gaban taron da na kunyata ki. Ban ce ki yafe mini ba tukuna. Ki zo kawai, ko a bakin ƙofa ki tsaya, ki ji da kunnenki kafin Juma'a ta raba mu.

Takardar neman sababbin launuka na kan teburinki. Na rubuta sunana da kwanan wata, wajen launi na bar shi fari. Ba zan cike shi ba, ko da zai shekara a nan. Jan bironki na aljihun rigarki.

Naki, ko kin zo ko ba ki zo ba, har ranar da idona zai daina ganin haske,
Wanda bai ji bari ba.