Lilin Babayo

Juma'a, 13 Nuwamba 1998
Wata biyu ke nan da ɗana Alhasan ya kawo ni Guangzhou neman maganin ƙafa. Shi kullum yana kasuwar yadi. Yau ɗan Sin ɗin da ke sayar masa da yadin lilin ya aiko da irin shukar da ake samun zaren lilin daga karanta, wai ya ji ni tsohon malamin gona ne. Alhasan ya raba biyu, ya bai wa Babayo rabi, mutumin Maraɗi mai ɗaure masa kaya. Ban ga dalili ba. Mun shuka a akwatuna a saman bene.

Talata, 8 Disamba
Na Babayo ya fi nawa tsawo da ɗani guda. Na auna.

Asabar, 23 Janairu 1999
Kwana tara ban hau ba, matakala saba'in da biyu. Nawa ya yi rawaya ya kwanta. Ni da na yi makarantar gona ta Samaru a 1951. Babayo ko sunansa ba ya iya rubutawa.

Laraba, 10 Fabrairu
Nasa ya yi fure, shuɗi. Alhasan ya hau ya gani, ya sauko yana cewa, "Baba, hannun Babayo akwai albarka." Nawa bai tambaya ba.

Litinin, 8 Maris
Babayo ya leƙo da lauje sabo. "Malam, Alhamis zan yanke, kamar yadda muke wa rama." Ɗan Sin ɗin zai zo kallo.
Lilin ba a yanka shi. Tugewa ake yi, don zaren har saiwa yake kaiwa. Baturen da ya koya mana sau uku ya nanata. Na ce, "Allah ya kai mu."

Laraba, 10 Maris
Ya kawo min kunun gero. Ya tsaya har na shanye. Na mayar masa da kwanon, na bar shi da laujensa.

Alhamis, 11 Maris
Hantsi na hau, iska kawai na je sha. Na huta sau biyar. Na tarar yana wasa lauje, na ce ajiye wannan, Babayo, kama daga gindi ka ja sama. Ya tuge, ni ina karkaɗe ƙasa ina ɗaurewa.
Ɗan Sin ya duba saiwar, ya girgiza hannun Babayo. Babayo ya buɗe baki yana nuna ni, zai ce ni na koya masa, na ce ya miƙo igiya.
Babayo ya tambaye ni kwana nawa ake jiƙa karan kafin a fid da zare. Na ce zan hau gobe in gani da idona, kada ya ruɓar.